Marinin da Na Yi wa Sufuri

Sana'ar gidanmu sufuri ce. Ba mu da gonar kirki, ba mu da rumfa a kasuwa. Abin da muke da shi jakkai ne, da wani tsohon takarkari, wato san ɗaukar kaya, da sanin hanya. Mai kaya ya kawo kayansa, mu ɗaura, mu kai masa inda ya ce, ya ba mu ladan dako. Daga Wurno muke tashi, wani mako mu yi Rabah, wani mako mu bi gefen gulbi mu yi Goronyo. A zamanin ba a tafiya ɗai-ɗai saboda mahara. Sai a taru bakin ƙofar gari da hantsi, a jira madugu, a fita ayari guda.

Mahaifina ya rasu ina da aure, 'yata ta fari tana goye. Ya bar mini dabbobin, ya bar mini mutanen da ke ba shi kaya, kuma mutanen sun fi dabbobin daraja. Akwai masu albasa na fadama, akwai masu gero da wake na Dinawa da Magarya, akwai masunta masu bandar kifi.

Tsohon nawa bai taɓa zaunar da ni ya ce ga yadda ake riƙe mai kaya ba. Gani na yi. In hadari ya taso muna hanya, tabarmar da zai kwanta a kai ita yake rufe taikin hatsin wani da ita. In mangala ta yage gero ya zube, sai ya durƙusa ya tattara, ya sheƙe ƙasar, ya cika gibin daga guzurinmu, in mun isa kuma ya faɗa wa mai geron abin da ya faru. In ya kai kaya bai tarar da mai karɓa ba, ba ya barin su hannun maƙwabci, sai dai mu yini muna jira. Akwai wata tsohuwa a Rara da ke da ɗiya tana aure a Wurno. Duk zuwa sai ta ba shi ƙullin daddawa ko kuka ya kai mata, kuma bai taɓa karɓar ko wuri ɗaya na kuɗi a kan wannan ba. Amma duk albasar da dangin tsohuwar nan ke nomawa, a bayan jakkanmu take fita. Haka na tarar, haka na ci gaba.

Wata safiya ina gyaran akumari, shimfiɗar bayan jaki, a ƙofar gida, wani mutum ya yi sallama. Na san shi da gani. Marini ne, karofinsa na can gefen ganuwa, kuma ba a Wurno kaɗai anka san rininsa ba. Turkuɗi yake yi, baƙin mayafin nan mai ƙyalli, da rigunan kore da baƙaƙen rawuna, Buzayen da ke saukowa Goronyo da gishiri da dabino su ke saye. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Dogo ne, mai sanyin murya, hannuwansa sun rine har gwiwar hannu.

Ya zauna kan turmi ya ce, “An ce mani ba jakkai ɗai ka gada ga ubanka ba, har da halinai.”

Na ce, “Allah shi sa haka na, Malam.”

Ya ce wanda ke ɗaukar masa kaya ya ɗora su kan jakin da ya ɗauko kifi. Da anka kwance a Goronyo, Buzu ya kai hanci ya shinshina, ya ture.

Ya ce, “Kayana ba gero ba na. Ba su son ruwa, ba su son rana, ba su son wari, ba su son gugar igiya. Kana iyawa?”

Na ce ya gwada ni sau ɗaya ya gani.

Kafin ranar tafiya na je wurin majema na sayo ƙirgi mai laushi. Maiɗakina ta ɗinka mini wani babban farin ƙyalle wanda za a fara naɗe tufafin a ciki kafin a sa su cikin fata. Na yi sabon akumari, na zaɓi jakkai biyu masu sanyin hali na ware su, ban sake ɗora musu komi ba sai tufa. Inda igiya za ta bi, na sa tsumma. A hanyar Goronyo akwai wani mashigi wanda da rani yashi ne kawai, amma in gulbi ya cika ya malalo fadama, ruwansa kan kai cinya, wani lokaci har ƙugu. Da munka iso nan, ruwan bai wuce idon sawu ba. Duk da haka na sauke kayan, na ɗauka a ka, na ƙetare da su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan na dawo na koro dabbobin. 'Yan ayari suna ta dariya, wani ya ce, “Kai, amarya kaɗ ɗauko?”

A Goronyo akwai mai masaukin da marinin ke aika wa kaya, shi ne kuma dillalinsa. Ya kwance fatar, ya buɗe farin ƙyallen, turkuɗin ya fito yana ƙyalli kamar yanzu anka ɗauko shi daga gidan bugu. Wani Buzu da ke zaune ya ɗaga guda ya kai hancinsa ta cikin rawani, ya gyaɗa kai. Mai masaukin ya dube ni ya ce, “Ka gaya mai daga yau kada shi sake ba kowa in ba kai ba.”

Haka kuwa anka yi. Ba a daɗe ba marinin ya ce mini abu ɗaya ya rage. Ko da jakkan tufa daban suke, turke ɗaya suke kwana da na kifi, igiya ta kan haɗu, hannuna ma ɗaya ne. Yana so in bar ɗaukar banda gaba ɗaya. In na yi haka, shi zai kawo mini sauran marina da masaƙa da mabuga. Na yi shawara da maiɗakina. Ta ce ita dai ba ta son a zuba ƙwai duka cikin ƙwarya ɗaya, amma ni na san hanya. Na ɗauki ɗan baffana, wanda shi ma yake da jakkai, na kai shi bakin gulbi na haɗa shi da masuntan, na ce ga wanda zai riƙa ɗaukar musu, na tsaya masa. Babbansu bai ce a'a ba. Ya dai ci gaba da ɗinkin komarsa, ya ce, “Ubanka bai taɓa jin warinmu ba.” Na yi dariya, shi bai yi ba.

Marinin ya cika alkawari. Kafin damina ta zagayo, duk wanda ke da tufar da yake tsoron ta lalace a hanya, ni yake nema. Ranar ayari sai ka ga ɗauri-ɗauri jere a ƙofar gidana. Na ƙara jakkai, na sake rufin ɗaki, na haƙa rijiya a tsakar gida. Kowa da irin abin da yake so, ni kuma na riƙe. Wani masaƙi ba ya son a haɗa saƙinsa da na maƙwabcinsa don ba su shiri. Wani mabugi yana so in dawo masa da labarin irin launin da Buzaye ke tambaya a bana. Ina dawowa, kafin in shiga gida in sha ruwa, sai na bi su gida-gida na gaya wa kowa kayansa sun sauka lafiya, da wanda ya karɓa, da abin da ya ce.

Shi kuwa marinin, hulɗarmu ta wuce ta kaya. Na bar ce masa Malam na koma ce masa Yaya, shi ya nemi haka. Matansa da maiɗakina suna aika wa juna tuwo. Da anka haifa mini ɗa namiji, shi ya kawo ragon suna. Wata sallah ya aiko mini da rigar kore wadda ban taɓa sa irinta ba. Wata shekara ya kwanta ciwo, ni na tsaya kan cinikinsa a Goronyo har ya tashi.

Akwai wata damina da munka iso mashigin munka tarar ya cika maƙil, ruwan yana gudu. 'Yan ayari masu hatsi da masu fata sunka ce za su kutsa. Ni na ga ko a ka na ɗauka, in ƙafata ta zame shi ke nan. Na ce su tafi. Na janye dabbobina cikin wata sarƙaƙiya, na zauna ni kaɗai a wurin da kowa ya san mahara na bi, ina cin ɗanyen gero da ruwa, har ruwan ya ja baya. Da labarin ya iso Wurno, marinin ya kama hannuna a ƙofar masallaci ranar Juma'a, ya ɗaga, ya ce wa mutane, “Wanga ƙanena na. Ya aje rainai don tsummana.” Na ji daɗin wannan magana ƙwarai. Ko yanzu in na tuna, sai in ji daɗin ya fara zuwa kafin sauran.

Mun yi shekaru a haka, har furfura ta fara fito mini a gemu.

Shekarar da abin ya faru, ruwa ya yi jinkirin sauka, ganyen baba da ake rini da shi ya yi wuya, wanda anka samu ma ba shi da ƙarfi. A daidai lokacin wani babban Buzu ya aiko yana son turkuɗi mai yawa, kuma yana gaggawar komawa arewa. Marinin ya karɓi aikin. Na riƙa ganinsa a karofi ya rame, yana yi wa ma'aikatansa faɗa, abin da ba halinsa ba ne. Da ma in za a ɗaure kaya tare muke yi, ni da shi, yana miƙo mini ina jerawa. Wannan karon na zo na tarar ya riga ya naɗe su cikin farin ƙyallen ya ɗaure. Ya ce ya rage mini aiki ne. Ban kawo komi a raina ba.

Mun tarar da mashigin da ruwa har cinya. Na yi yadda na saba, na ɗauka a ka gaban kowa, madugu na tsaye bisa gaɓa yana kallo. Ko ɗigo bai taɓa fatar ba. A Goronyo mai masauki ya buɗe, ya duba na sama, suna ƙyalli, ya yi mini sannu. Na juyo gida. Kwana kaɗan bayan nan na ɗauki saƙin wasu na yi Rabah, na ɗan jima can saboda wani jaki da ya yi ɗingishi.

Da na dawo, ranar ayarin Goronyo ta zo. Na fito da dabbobi tun da sassafe, na share ƙofar gida inda ake aje kaya. Hantsi ya yi, ba wanda ya zo. Na ce ko an ɗaga ranar ban ji ba. Na leƙa ƙofar gari, na ga ayari yana haɗuwa, na kuma ga ɗaurin da na sani sarai, na masaƙin nan mai ƙin maƙwabcinsa, a bayan jakin wani. Na tafi gidansa, anka ce ba ya nan, alhali ina jin ƙarar masaƙarsa. Na wuce gidan bugu. Mabugin da nake kawo wa labarin launi ya aje gudumarsa, ya jawo ni gefe.

Ya ce, “Kai ba ka ji ba?”

Na ce, “Mi?”

Ya ce Buzun nan da ya isa zango ya warware turkuɗin, sai ya tarar cikinsu duk dabbare-dabbare, wani wuri baƙi wani wuri toka-toka. Ya komo Goronyo da su yana zage-zage, ya zube su gaban mai masauki a tsakiyar kasuwa.

Ya ce, “An ce kai kaj jiƙa su ga mashigi, kash shanya su ga rana, kan naɗe kar ruhe bakinka.”

Na ce, “Wa yac ce?”

Ya dubi ƙasa. Ya ce, “Mai kayan.”

Wallahi ban yarda ba. Abin da ya zo mini shi ne wani mai hassada ya ƙulla magana ya jingina wa Yaya, kuma in ya ji ransa zai ɓaci fiye da nawa. Da wannan zuciyar na tafi karofi, har ina sauri don in riga wani gaya masa. Yana ganina ya miƙa wa wani sandar motsa rini, ya wanke hannu, ya ce mu je gida. Munka shiga zaure, ya sa anka shimfiɗa tabarma, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

Na ce, “Yaya, wata magana ni ji cikin gari. Na san ƙarya anka yi maka, shi ya sa niz zo ka ji ta ga bakina.”

Ya juya goron a hannunsa. Sa'an nan ya ce, “Ba ƙarya anka yi mani ba. Ni nif faɗi.”

Na ce, “Amma ruwa bai taɓa su ba.”

Ya ce, “Na sani.”

Da ya ce yana zargina ne, da na rantse masa, da na kawo shaidu, da mun yi faɗa irin na 'yan'uwa. Amma cewa ya yi ya sani. Goron da ke bakina ya zama kamar ƙasa.

Ya ci gaba da magana a hankali, da muryar nan tasa mai sanyi. Ya ce ramin bai nuna ba ya tsoma kayan, don Buzu na gaggawa. Ya yi zaton bugu da shuni za su rufe, ya yi zaton mutumin ba zai warware ba sai ya kai ƙasarsu. Da saƙo ya zo daga Goronyo, sauran marina na zaune, anka tambaye shi gaban kowa mi ya faru, sai bakinsa ya kama mashigi.

Ya ce, “Ka duba, ƙanena. Kai jakkai gare ka. In an hana ka tuhwa, ka ɗauki gero, ka ɗauki albasa, jaki bai san bambanci ba. Ni in anka ce rinina ya mutu, mi za ni ɗauka? Dut gidan ga, da mata da ɗiya da barori, ga ramukkan rinin can suka ci. Sunana ɗai gare ni.”

Na ce, “Ni hwa, Yaya? Ni ban da suna?”

Ya kau da kai. Ya ce in yi haƙuri shekara guda, magana za ta kwanta. In ta kwanta zai mai da ni kan kayansa, sauran ma za su biyo.

Ya ce, “Sai in ce na yahe maka.”

Na dube shi. Ba ba'a yake yi ba. Shi a ganinsa mafita ya samo mana mu biyu. Har ya ƙara da cewa akwai wata macen jaki mai ciki da ya saya, in aiko a koro mini ita don rage asara. Na tofar da goron a bakin zaure, na sa takalmana na fita.

Na nemi waɗanda sunka gani. Na fara da madugu. Ya ce, “Na gan ka da idona, kaya bisa kai.” Na ce to ya zo ya faɗa a karofi. Sai ya fara susar gemu, ya ce shi mashigi ya gani, amma ai tafiya da tsawo, bai san abin da ya faru a wani wuri ba, kuma shi madugu uban kowa ne, ba ya shiga tsakanin masu kaya. Na tafi har Goronyo da jakkai ba kaya, don in ga mai masauki. Ya fito mini da turkuɗi guda cikin waɗanda anka mayar, ya shimfiɗa a cinyarsa. Ya ce duk wanda ya san tufa ya san tabon ruwa yana da baki-baki kewaye da shi, wannan kuwa rini ne bai ci ba. Na ce alhamdu lillahi, ya gaya wa mutane. Ya naɗe turkuɗin. Ya ce shekara da shekaru da la'adar kayan mutumin nan yake ci da iyalinsa, in Buzaye sunka guje shi, shi ma sun guje shi. Ya sa anka dama mini fura, ya ce Allah na tare da mai haƙuri.

Maiɗakina ta ce in kai ƙara wurin alƙali. Na je na shawarci baffana. Ya tambaye ni, “Ya ce ka biya shi?” Na ce a'a. Ya ce, “To mi za ka ce ma alƙali?” A nan ne na ji sauran labarin. Ashe marinin ya riga ya gaya wa mutane cewa ko zare ɗaya ba zai nema a hannuna ba, saboda zaman amana da munka yi. Gari duka ana yaba masa. Wasu har suna tare ni a hanya su ce in gode wa Allah da ya haɗa ni da mutumin kirki.

Masu tufa duk sunka watse. Wannan na sa rai da shi. Abin da ban sa rai da shi ba shi ne maganar za ta bi ni har cikin hatsi. Na koma wurin mutanen Dinawa da Magarya waɗanda na yi sakaci da su shekarun nan, wasu sunka ba ni kaya don albarkacin mahaifina. Amma in na sauke, sai in ga an kwance taiki gabana ana aunawa. Wata mata a Rabah ta zura hannunta har kafaɗa cikin gero tana laluben damshi, tana kallon fuskata. A ƙofar gidan nan mahaifina ya sha sauke kaya a shigar da su ba a ko kwance bakin ba.

Ɗan baffana ya ce in zo mu raba masuntan. Na ƙi, don ni na ba shi su da hannuna, kuma ya riƙe su da kyau. Na sayar da jakkai ɗaya bayan ɗaya. Da rani na koma kai taki gonaki da ɗaukar jar ƙasa ga magina, aikin da a da nake ba wasu. Maiɗakina ba ta taɓa ce mini “na gaya maka” ba. Wata rana dai na tarar ta ciro koren nan ta sallah daga adaka, ta yayyanka ta, tana cusa wa akumari. Ta ce, “Bayan jakin nan ya fara ciwo.”

Wani tsoho manomin albasa a Magarya shi ya fara sake sakin jiki da ni. Ya ce shi bai san rini ba, abin da ya sani albasarsa ba ta taɓa ruɓewa a hannun gidanmu ba. Daga shi sai ƙanensa, sai surukinsu. Da kaɗan-kaɗan na sake tara mutane, ƙananan masu kaya, mai mangala ɗaya, mai biyu. Ina yi musu duk abin da na saba. Ina rufe kayansu in hadari ya taso, ina kai musu saƙo, ina jiran mai karɓa. Amma ban ƙara komawa yadda nake a da ba, ko a dabbobi ko a zuciya. In mai kaya ya fara yabona da yawa, sai in ji gabana ya faɗi.

Da shekara ta zagayo, marinin ya aiko babban ɗansa ya ce in zo, akwai kaya. Na ce a gaya masa jakkaina sun saba da albasa. Ya sake aikowa, na sake ba da amsa ɗaya. Sai magana ta juya, anka ce ni ne mai riƙo, an yafe mini na ƙi karɓa. Ranar Juma'a in mun haɗu a ƙofar masallaci, sai ya ɗaga murya gaban jama'a, “Ƙanena, ina gajiya? Ina iyali?” Dole in amsa, don in na yi shiru ni za a ga baƙina. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Na daɗe ina jiran in ga ƙarshen wannan. Rininsa ya koma ya yi kyau, Buzaye sunka ci gaba da saye, wani ya ci gaba da ɗaukar masa kaya, 'ya'yana sunka girma ana ce musu ɗiyan wanda ya jiƙa turkuɗi.

Mun tsufa a gari ɗaya. Wata kaka, bayan girbi, marinin ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Da la'asar ɗansa ya zo ya durƙusa ya ce, “Baba, tsoho na kiranka.” Maiɗakina ta ce kada in je. Na ce mai ciwo ba a ƙi kiransa.

Na tarar da ɗakin cike, ga ƙannensa, ga 'ya'yansa, ga liman da wasu dattawan marina. Ya rame har na kusa kasa gane shi, hannuwan ne kawai ba su sake ba. Da ya gan ni ya yi musu alama su fita. Sunka fita sunka tsaya tsakar gida. Ya ce in matso.

Ya ce, “Ƙanena, ka yahe mani.”

Na zauna bakin gadon. Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Na ce, “Yaya, ga su nan waje, ba su yi nisa ba. Bari in kira su. Ka hwaɗa musu ruwa bai taɓa kayan ba. Kalma ɗaya ta. Ni na tsuhwa, don ɗiyana nika roƙo.”

Yana numfashi da ƙyar. Na ga idanunsa sun cika. Har na yunƙura zan leƙa in kira liman, sai ya riƙe mini riga.

Ya ce, “Ɗiyana za su gaji ramukkan.”

Ya saki rigar, ya juya fuskarsa bango. Na jira ko zai juyo, bai juyo ba. Na ce, “Allah shi yahe muna baki ɗaya,” na tashi. A tsakar gida liman ya kama hannuna ya ce madalla da na zo, ai mutumin ya daɗe da yafe mini.

Bayan kwana kaɗan ya rasu. Na bi gawa, na kuma je zaman makoki, don ba a san ni da ƙin zuwa ba. Mutane sun zo daga nesa. Ina zaune gefe kan tabarma, wani baƙo daga Goronyo, wanda bai san ni ba, ya fara ba da labarin kirkin mamacin. Ya ce ai an taɓa yin wani ɗan sufuri da ya lalata masa kaya masu yawa a ruwa ya ɓoye, amma bawan Allahn nan ko zare bai karɓa ba, har ya riƙa kiransa ƙanensa. Waɗanda sunka san ni sunka sunkuyar da kai. Wani ya taɓa baƙon a gwiwa, bai gane ba, ya kai labarinsa har ƙarshe. Jama'a sunka ce Allah ya jiƙansa, ni ma na ce Allah ya jiƙansa.

Na ɗan ƙara zama don kada a ce maganar ce ta tashe ni. Da anka shafa fatiha na miƙe, na nemi takalmana cikin na mutane, na tafi gida. Washegari akwai ayarin Rabah, kuma ban gama ɗaure albasar mutanen Magarya ba.